Lamba da Kiwo: Nazarin Auna Makomar Ɗan Wasa a Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Na'ura a Kudancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gina ƙungiya da auna makomar matashin ɗan wasa a gasannin ƙwallon ƙafa da na'ura ke kwaikwaya, waɗanda suka samu karɓuwa a wajen matasan ƙasar Hausa, ciki har da na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. An kwatanta ma'aunin da manhajojin ke amfani da shi da wanda Bahaushe ya gada daga kasuwar kara da kiwon turke. Maƙalar ta nuna cewa ma'aunan biyu sun yi tarayya a kan muhimmancin hali da kulawa, amma sun raba gari a kan iyakar bunƙasa da lissafin shekaru da kuma wanda ya cancanci a auna shi tun da farko.

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna kudancin Jihar Kano, daga yankin madatsar ruwa ta Tiga zuwa dajin Falgore da duwatsun Riruwai. Ƙasa ce ta noma da kiwo, kuma yawancin samarinta sun san farashin rago tun kafin su san farashin ɗan wasa. Kamar sauran garuruwan Arewa, gidajen kallon ƙwallo da na gem sun zama majalisar matasa a manyan garuruwan yankin, wayar hannu kuma ta kai wasan har ƙauyukan da babu wutar lantarki. Abin da ake kira gasar na'ura a wannan maƙala shi ne tsarin da mai wasa ke zama koci kuma manaja: a ba shi kuɗi na ƙarya, ya sayi 'yan wasa, ya sayar, ya horar, na'ura kuma ta riƙa lissafa sakamako kaka bayan kaka. Misalansa su ne sashen Master League na wasan PES na kamfanin Konami, da sashen rainon ƙungiya na wasan FIFA (wanda ya koma EA Sports FC a 2023), da Dream League Soccer na wayar hannu, sai kuma Football Manager, wanda ya fi duka zurfi ko da yake masu buga shi ba su kai na sauran yawa ba.

Kwaikwayon gasa ba baƙon abu ba ne ga yaron Bahaushe. Tun kafin zuwan waɗannan na'urori yara kan jera marafan kwalbar lemo a ƙasa, su raɗa wa kowane marfi sunan wani gwani, su shirya gasa. Sabon abin shi ne alƙaluma. Marfin kwalba ba shi da lamba, ƙimarsa tana a yatsan mai harba shi. Ɗan wasan na'ura kuwa da lambarsa yake zuwa, kuma a kan wannan lamba ake musu. Masu nazarin al'adun zamani na Hausa sun ba fim da waƙa da adabin kasuwa kulawa mai yawa, amma wannan fage na musu bai samu irin wannan gata ba, alhali a cikinsa ne dubban matasa ke koyon yadda ake yanke hukunci a kan goben mutum.

2.0 Yadda Na'ura ke Auna Ɗan Wasa

Za a ɗauki Football Manager a matsayin ginshiƙi, domin tsarinsa ya fi fitowa fili. Asalinsa wasan Championship Manager ne da 'yan'uwa biyu, Paul da Oliver Collyer, suka fitar a Ingila a 1992, sannan kamfaninsu na Sports Interactive ya koma amfani da sunan yanzu a 2004. Kowane ɗan wasa a cikinsa yana da siffofi da dama, kamar gudu da yanka da ba da ƙwallo da jimiri, kuma ana auna kowace siffa daga 1 zuwa 20. Waɗannan a bayyane suke. A ƙarƙashinsu akwai lambobi biyu da aka ɓoye, kowace daga 1 zuwa 200. Ta farko tana nuna abin da ɗan wasa yake iyawa a yau, za a kira ta a nan ƙarfin yanzu. Ta biyu tana nuna iyakar da zai iya kaiwa, za a kira ta matuƙar bunƙasa.

Abin lura shi ne, ƙarfin yanzu yana hawa yana sauka, amma matuƙar bunƙasa ba ta motsi da zarar an fara wasa. Idan yaro ɗan shekara 17 yana da 95 a yau, matuƙarsa kuma 130, to ko da mafi gwanintar koci a duniya ne ya raine shi, ba zai taɓa 131 ba. Ga ƙananan yaran da masu tattara bayanai ba su gama tantancewa ba, akan ba su lamba mai alamar ragi maimakon tsayayyar lamba: -10 na nufin na'ura za ta zaɓa masa wata lamba tsakanin 170 da 200 a farkon kowane sabon wasa, -9 tsakanin 150 da 180, -8 tsakanin 130 da 160. Wato ko shakkar ma an yi mata awo. Mai wasa ba ya ganin waɗannan lambobi. Taurari ne ake nuna masa, daga rabin tauraro zuwa biyar, bisa rahoton masu farautar 'yan wasa na ƙungiyarsa, su kuma suna iya kuskure gwargwadon ƙwarewarsu. Bugu da ƙari, taurarin suna auna yaro ne da sauran 'yan ƙungiyar, saboda haka mai taurari biyar a ƙaramar ƙungiya yana iya zama mai biyu a babba.

Waɗannan lambobi ba daga sama suka faɗo ba. Mutane ne sama da 1,000 a ƙasashe daban-daban ke kallon wasanni suna cike su, kuma rumbun bayanan ya yi ƙarfin da ƙungiyar Everton ta ƙulla yarjejeniyar amfani da shi a 2008. Sauran wasannin sun fi sauƙi. EA yana tattara komai a lamba guda da ba ta wuce 99, tare da lambar makoma, wadda tun daga FIFA 20 take iya ɗan motsawa gwargwadon ƙwazon ɗan wasa a kaka. A tsohon Master League kuwa akan fara ne da 'yan wasan ƙage irin su Castolo da Minanda, kuma gwanin da ya yi ritaya yakan sake bayyana a matsayin matashi da sunansa da kamanninsa. Wannan ya sa gwanin Master League ba ya buƙatar hangen nesa sosai, haƙurin jiran tsohon tauraro ya sake dawowa yaro ya ishe shi.

3.0 Ma'aunin Kara da Turke

Saurayin da ya tashi a Kiru ko Tudun Wada ba ya zuwa gaban waɗannan alƙaluma da kai fanko. Akwai sana'ar da ya sani wadda ginshiƙinta shi ne sayen abu don abin da zai zama, ita ce kiwon turke. Mai turke yakan shiga kara watanni kafin babbar salla ya nemi ramammen rago ko ɗan bijimi mai araha. Ba ƙiba yake dubawa ba, domin ƙiba ita ce zai saka da dusa da harawa da ƙaiƙayi. Ƙira yake dubawa: tsawon ƙafa, faɗin ƙirji, tsayin gadon baya. Sannan ya buɗe baki ya duba haƙora don ya san shekaru, ya lura da yadda dabbar ke cin abinci. Idan aka yi la'akari da kyau, wannan shi ne bambancin ƙarfin yanzu da matuƙar bunƙasa: nama shi ne na yau, ƙira ita ce ta gobe. Harshen ma ya tanadi wannan tunani game da mutum, domin Bahaushe kan ce wane yana da ƙashin arziki, wato ya sanya alamar gobe a cikin ƙashi, inda ido ba ya gani kai tsaye.

Kalmomin cinikin ma sun dace da juna ba tare da tilas ba. Akwai tayi da sallamawa, akwai "albarka" idan tayi bai kai ba, akwai dillali da la'adarsa, akwai aro. Wanda ya sayi yaro ɗan shekara 16 da kuɗi kaɗan a na'ura, ya ba shi wasanni, ya sayar da shi bayan kaka uku da ninkin kuɗin, turke ya yi, ko da bai kira shi haka ba. Kuskuren da masu turke ke gudu shi ne kuma kuskuren sabon shiga a gasar na'ura, wato sayen dabbar da ta riga ta cika, wadda za ta ci abinci ba ta ƙara komai ba.

Tarayyar ta fi haka zurfi idan aka zo batun hali. A Football Manager, yaro ba ya kaiwa matuƙarsa don kawai lambar tana da yawa. Akwai wasu ɓoyayyun siffofi da ke tafiyar da bunƙasarsa, daga ciki akwai riƙon sana'a da gaskiya, da buri, da biyayya ga ƙungiya, da jure matsi, da sanyin rai, da iya zama a baƙon wuri. Yaro mai matuƙa 180 amma malalaci yana iya ƙarewa a ƙasa da mai 150 da ke da himma, kuma akan haɗa yaro da dattijon ɗan wasa mai kyakkyawan hali don ya ɗauki ɗabi'arsa. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wajen Hausawa, A. H. M. Kirk-Greene ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ba za a ce jerin biyu ɗaya ne ba. Na'ura tana yaba buri, tana saka wa mai shi da saurin bunƙasa, alhali a al'adar Hausa yawan buri abin zargi ne. Kunya kuwa, wadda Bahaushe ke ɗauka ado, ba ta da gurbi a na'ura sam. Duk da haka, dukansu sun yarda cewa baiwa ba ta isa ba sai da hali, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda aka rabu shi ne rufin. Mai turke ya san ƙira tana da iyaka, amma bai taɓa ɗaukar cewa an rubuta iyakar a wata takarda da wani zai iya buɗewa ya karanta ba. A na'ura kuwa ana iya buɗewa. Akwai manhajar gyara da ke nuna ɓoyayyun lambobin, akwai kuma jerin sunayen yaran da za su zama taurari da ake yaɗawa a intanet duk shekara. Da zarar mai wasa ya dogara da wannan jeri, ya daina kiwo ya koma kwafa. A nan ne za a iya raba masu buga wasan gida biyu, kuma a ra'ayin wannan maƙala, na farkon ne kaɗai ke koyon wani abu da zai yi amfani a wajen allo.

4.0 Haɗa Ƙungiya

Tara gwanaye daban, gina ƙungiya daban, kuma manhajojin sun yi ƙoƙarin nuna haka. A sashen Ultimate Team na EA, wanda aka fara a 2009, jituwar 'yan wasa tana ƙaruwa idan sun fito daga ƙasa ɗaya ko gasa ɗaya ko kulob ɗaya. Wannan jituwa ce ta takarda: Bafaranshe biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su fi fahimtar juna a kan abokan da suka shekara goma tare amma fasfo ya raba su. Football Manager ya fi kusa da gaskiya, domin yana lissafa daɗewa tare da harshe da manyan da ake jin maganarsu a ɗakin sauya kaya. Gasar Fantasy Premier League, wadda ba kwaikwayo ba ce zalla tunda makinta daga wasannin Firimiya na gaske yake zuwa, ta jefar da batun jituwa gaba ɗaya. Abin da ta sani shi ne fam miliyan 100 na ƙarya, 'yan wasa 15, kada a wuce uku daga kulob ɗaya, da kyaftin da ake ninka wa maki.

Misalin da ya fi kusa a al'ada shi ne aikin gayya da wasan langa. A gayya ba ƙarfin mutum ɗaya ake nema ba, jerin kunya ake so ya tafi daidai. A langa kuma duk ƙungiya tana aiki ne don kare mutum ɗaya, wato ruwa, har ya kai ga sha. Sai dai akwai abubuwan da ke rusa ƙungiyar unguwa a kudancin Kano waɗanda babu manhajar da ta san da su. Damina takan kwashe 'yan wasa zuwa gonar masara da shinkafa da rake, rani ya kwashe wasu zuwa ci-rani, aure ko umarnin mahaifi ya raba wani da fili har abada. Kocin na'ura bai taɓa rasa mai tsaron ragarsa don an tura shi kasuwa ba.

5.0 Lamba da Rayuwa

Tarihin waɗannan wasanni cike yake da yaran da lamba ta yi wa alƙawarin da rayuwa ba ta cika ba, kuma ɗaya daga cikin fitattunsu ɗan Arewa ne. Haruna Babangida, haifaffen Kaduna a 1982, ƙanen Tijjani Babangida na Ajax, ya shiga makarantar rainon 'yan wasa ta Barcelona yana ƙaramin yaro, har ya buga wa babbar ƙungiyar wasannin share fage a zamanin Louis van Gaal. A Championship Manager na wancan lokaci, duk wanda ya saye shi ya sayi tauraro. A zahiri bai samu gurbi a babbar ƙungiyar ba, ya yi ta yawo daga Metalurh Donetsk zuwa Olympiacos zuwa wasu ƙungiyoyin Turai. Haka labarin Cherno Samba, haifaffen Gambiya da ya tashi a Millwall, da na Freddy Adu, haifaffen Ghana. Masu cike lambobin ba ƙarya suka yi da gangan ba, abin da suka gani a yaro ɗan shekara 15 suka rubuta. Abin da ya gagare su shi ne lissafa canjin koci da rauni da kaɗaici a baƙuwar ƙasa.

Ahmed Musa misali ne ta wata fuskar. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar Najeriya, ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, CSKA Moscow a 2012, sannan Leicester City a 2016. A wasan FIFA na wannan shekara lambar gudunsa ta haura 90, abin da ya sa masu wasa a duniya suka yi ta rububinsa, domin a na'ura gudu yana rufe aibobi da yawa. A filin Firimiya kuwa ƙwallo biyu ya ci a kakarsa ta farko, daga baya aka mayar da shi Moscow aro. Watanni kaɗan bayan haka ya zura wa Iceland biyu a gasar cin kofin duniya ta 2018. Lambar ba ta canza sosai ba a tsakanin, tsarin wasa da amincewar koci ne suka canza.

Batun shekaru ya fi kowanne sarƙaƙiya. Dukkan lissafin na'ura ya rataya ne a kan ranar haihuwa: bunƙasa mai sauri kafin 21, cika a tsakiyar shekarun ashirin, gangara bayan 30. Mai turke yana da haƙora da zai duba, na'ura kuwa abin da aka rubuta mata take karɓa. A ƙasar da rajistar haihuwa ba ta game ƙauyuka ba, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Hukumar FIFA ta fara amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Najeriya ta karɓi baƙunci, Kano kuma tana cikin biranen da aka buga. Abin sha'awa ne cewa kimiyya ma ƙashi ta koma tambaya. Najeriya ta ɗauki wannan kofi sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma kaɗan ne daga cikin yaran suka kai inda aka yi musu hasashe. Macauley Chrisantus, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, ya tafi Hamburg bai kafu ba. A ɗaya gefen kuma ga Rabi'u Ali, kyaftin ɗin Kano Pillars, wanda ya haura shekara 40 yana ci wa ƙungiyarsa ƙwallo. Da a na'ura yake, da tuni ta yi masa ritaya.

6.0 Wanda Ba a Ƙirga Ba

Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar. Duk da haka gasar Najeriya ba ta cikin gasannin da EA ke sakawa, kuma ba ta cikin waɗanda Football Manager ke kawowa a shirye don bugawa, sai dai masu sha'awa su ƙara ta da hannunsu. Sakamakon haka, saurayin Bebeji yana iya faɗin lambar makomar wani yaro ɗan Brazil da bai taɓa ganin wasansa ba, amma ba shi da lambar da zai ɗora wa gwanin unguwarsu da yake kallo kowace yamma. Alhassan Yusuf, haifaffen Kano, da Zaidu Sanusi na Jega, sun samu lamba a idon masu wasan EA ne bayan sun isa Turai. Dokar FIFA kuma ta hana cinikin yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan togaciya, wato shekarun da na'ura ta ce su ne na saurin bunƙasa, yaron Doguwa a filin ƙasa yake yin su, inda babu mai rubuta komai.

Wannan ya dawo da magana ga harshe, domin kalmar da aka zaɓa wa lambar ta biyu ita za ta tsara yadda za a fahimce ta. Idan aka ce baiwa, an nuna kyauta ce daga Allah, amma baiwa ba ta da rufi a tunanin Bahaushe, kuma tana nan tun yau, ba jiranta ake ba. Hazaƙa da fasaha sun fi karkata ga ƙarfin yanzu. Makoma ta yi faɗi, tana ɗaukar mai kyau da marar kyau. Rabo da ƙaddara su ne suka fi kama da yadda na'ura ta gina abin, tunda rubutacce ne kuma ɓoyayye, amma amfani da su yana da haɗari biyu: na farko, ya jingina wa hasashen wani ma'aikacin kamfani nauyin kalmar aƙida, na biyu, rabo a wajen Bahaushe ba ya wuce mai shi, alhali yawancin yaran na'ura ba sa kaiwa lambarsu. Shi ya sa aka zaɓi matuƙar bunƙasa a wannan maƙala don rubutun ilimi, ko da yake ta yi nauyi a baki. A maganar yau da kullum kuwa ƙira ta fi dacewa, domin mai jin ta ya san ana nufin abin da ido ya ƙiyasta, wanda sai an ci da shi an shayar kafin a san ko ƙiyasin ya yi daidai. Sauran aikin na masu nazarin walwalar harshe ne, su zauna a gidajen gem na Kwanar Ɗangora da Tudun Wada da Riruwai, su naɗi kalmomin da samarin ke amfani da su da bakinsu lokacin da suke musu a kan wanda za a saya da wanda za a sallama.